Abin da Ke Jawo Hatsari a Injin Niƙa

Masu kallo, assalamu alaikum. Ku dubi bel ɗin nan da ya haɗa motar lantarki da injin niƙa, domin a daidai wurin da yake hawa kan ƙarfen da ke juya shi ne hatsari mafi muni yake aukuwa.

Irin motar lantarki da aka saba ɗaura wa waɗannan injuna tana juyawa kimanin sau 1,450 a minti ɗaya, wato sau 24 a kowace daƙiƙa. Mutum kuwa, komai zafin namansa, yana bukatar kusan rubu'in daƙiƙa kafin ya janye hannu, kuma kafin nan motar ta riga ta zagaya sau 6. Saboda haka daɗewa a sana'a ba ta hana injin kama mutum, hasali ma sabo ne yake sa gwani ya miƙa hannu inda sabon yaro zai ji tsoro.

Sau da yawa ma tufafi injin yake fara cafka. Hannun riga mai faɗi, ko bakin mayafi, ko hijabin yarinyar da aka aiko markaɗen wake ta sunkuya tana tara bokiti, da zarar bel ya kama gefensa sai ya naɗe shi, ya fizgo mai shi gaba ɗaya. Dokar masana'antu ta Najeriya ta 1987 ta wajabta a killace sassan injin masu hatsari, amma a wuraren niƙa da dama an cire murfin bel ranar gyara, an jingine shi a bango, ba a sake mayar da shi ba. Wannan ganganci ne, kuma alhakinsa yana wuyan mai injin.

Akwai kuma hatsarin ɗauke wuta. Injin ya tsaya, mai niƙa ya manta bai kashe makunni ba, ya zura hannu yana fitar da ƙullin da ya toshe, sai kwatsam a dawo da wuta. Ka'ida ita ce a kashe makunni, a zare waya daga soket, sannan a jira ƙarfen ya daina juyawa ɗungurungum, domin nauyinsa yana ci gaba da juya shi bayan an kashe. Idan hatsi ya maƙale a mazurari ana cikin aiki, da sanda ake tura shi, kuma masu kawo niƙa su tsaya a gefen da babu bel har a miƙo musu kayansu.