Allurar Rigakafi da Fiɗiyar Karnuka da Kyanwoyi a Sakkwato Cikin Rahusa

Assalamu alaikum, masu kallo. A garin Sakkwato da ƙauyukan da ke kewaye da shi, mafarauci yana da karnukansa, makiyayi yana da mai tsare masa garke, gidaje da yawa kuma suna ajiye kyanwa saboda ɓeraye. Sai dai kaɗan ne daga cikin waɗannan dabbobi suka taɓa ganin likita, domin mutane sun ɗauka abu ne na masu kuɗi, alhali kuwa ba haka ba ne.

Abin da ya sa maganar ta zama dole shi ne cutar haukan kare. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa tana kashe kimanin mutum 59,000 a kowace shekara, galibi a Afirka da Asiya, kuma kusan kashi 40 cikin 100 na waɗanda ake ciza yara ne 'yan ƙasa da shekara 15, waɗanda sau da yawa kan ɓoye cizon don tsoron faɗa. Ƙwayar cutar tana cikin miyan dabbar, tana bin jijiyoyi har ta kai ƙwaƙwalwa, kuma da zarar alamun sun bayyana, kamar tsoron shan ruwa da fizge-fizge, da wuya ƙwarai mutum ya tashi. Duk wanda kare ko kyanwa ta ciza ko ta yakusa, ya wanke wurin da sabulu da ruwa mai gudana na tsawon minti 15, sannan ya tafi asibiti a ranar.

Allurar da ake yi wa kare sau ɗaya a shekara ba ta kai kusa da kuɗin jerin alluran da ake yi wa mutumin da aka ciza ba. Ana fara ta idan kwikwiyo ya kai wata uku, kuma masana sun tabbatar cewa idan aka yi wa kashi 70 cikin 100 na karnukan yanki, yaɗuwar cutar tana yankewa. Ana iya zuwa asibitin koyarwa na dabbobi na Jami'ar Usmanu Danfodiyo ko asibitin dabbobi na gwamnatin jiha, kuma a daidai ranar 28 ga Satumba, wato ranar yaƙi da cutar ta duniya, likitocin dabbobi a Najeriya sukan shirya rigakafi kyauta ko a kan farashi mai sauƙi. Hanyar da ta fi rage kuɗi ita ce mai unguwa ko sarkin mafarauta ya tara karnukan a wuri ɗaya, a gayyato likita a raba kuɗin zuwansa. A lura da kyau cewa maganin ya fito daga cikin akwatin sanyi, domin zafin Sakkwato na watan Afrilu, wanda kan haura digiri 40, yana lalata shi, sannan a karɓi katin shaida a adana.

Fiɗiya kuwa tana taimaka wa rigakafin ne. Kyanwa tana ɗaukar ciki na wata biyu da 'yan kwanaki, tana iya haihuwa sau biyu ko uku a shekara, 'ya'yan da aka rasa yadda za a yi da su kuma su ne ake zubarwa a bola su girma ba tare da allura ba. Likita yana sa dabbar barci, ya cire wa namiji 'ya'yan maraina, mace kuma ya cire mata mahaifa da ƙwayayenta. Muzurun da aka fiɗiye yana rage yawon dare da faɗa, kare kuma ba ya daina gadi.

Kada a yi wannan aiki a gida da reza ko da dandaƙa, domin azaba ce, kuma tana jawo ruɓewar rauni. A hana dabbar abinci tun daren jajibirin aikin, bayan an gama a ajiye ta a inuwa mai tsabta inda ƙudaje ba za su sauka a kan ɗinkin ba, a hana ta lasar wurin, sannan a mayar da ita a cire zaren bayan kwana 10 zuwa 14.