Ranar Waliyyi Vinsan a makarantar 'yata, Garwa

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da safiya daga Garwa, arewacin Kamaru. Ku yi haƙuri da hayaniya, ina tsakar gidan makarantar 'yata ne, makarantar 'yan Katolika. Shekarata 6 ke nan da barin Yola na biyo maigida, yau ce rana ta farko da na shigo da waya ina ɗauka.

Kun ga wannan tabarma? Dawa ce da masara, can kuma gyaɗa, wake, busasshiyar kuɓewa, kuka, da sabulu. Mako guda yara suka yi suna kawowa, wani kwano ɗaya, wani ƙullin leda. Yau 27 ga Satumba, ranar Waliyyi Vinsan de Pol, wanda Katolika suka riƙa a matsayin uban ayyukan taimako. Fada ne, wato limamin coci, Bafaranshe, a irin wannan rana ya rasu a Paris, shekarar 1660.

Ku duba lokacin fa. A Satumba ake komawa makaranta a nan, iyaye sun gama zubar da kuɗin makaranta da na littattafai, rumbu ya yi ƙasa, sabon hatsi bai gama shigowa gida ba. A haka aka tara wannan. Wallahi sai da jikina ya yi sanyi.

Wata Sista, cikin matan zuhudu na coci, ta ba yara labari ɗazu da Faransanci, ta maimaita da Fulatanci, ni na kawo muku da Hausa. A 1617, a garin Shatiyon na ƙasar Faransa, an gaya wa Vinsan cewa akwai wani gida da kowa ya kwanta ciwo, babu mai dafa musu abinci. Ya faɗa a wa'azi, mutane suka yi ta tururuwa da abinci. Da ya je ya gani, sai ya lura an kawo komai rana ɗaya: wani zai lalace, bayan kwana kaɗan su koma gidan jiya. Shi ne ya tara matan garin, suka raba kwana, kowace da ranar da za ta kai. Wannan ya tsaya mini a rai, don mu ma haka muke, ranar Sallah nama har ya yi yawa, bayan wata guda ba mai leƙa gidan.

To haka suke yi a nan. Ba yau za a rabar da komai ba, za a kulle a ɗaki, a riƙa fitarwa kaɗan-kaɗan.

Ni da kwano biyu na gero na zo. Wata dattijuwa da ke awo ta ce, "'Yata, ke ma kin kawo?" Na ce, "Inna, ai yunwa ba ta tambayar addini." Ta riƙe hannuna ta daɗe ba ta saki ba.

Da yamma za a fita mutum biyu-biyu, a kai wa tsofaffi da gwauraye masu marayu har gida, ba layi, ba kiran suna a bainar jama'a. Sun ce in biyo su, amma ban da waya, don ba a ɗaukar fuskar mai karɓa. Na yarda ɗari bisa ɗari. Bari in kashe, ga 'yata can tana kirana in kama mata buhu.