Amsoshin Tambayoyinku: Me kyamara ke faɗa a bidiyon waƙoƙin rok?

Jama'a masu saurare, assalamu alaikum, barkanmu da warhaka. Takardun da muka ware yau duk a kan abu guda suke, wato bidiyon waƙoƙin nan na Amurka da Ingila da ake kira alternative rock, da yadda mai kallo zai gane abin da ake nufi ko da bai ji abin da mawaƙin ke faɗa ba.

Ta farko daga Damagaram ta fito. Wani bawan Allah ne yake tambaya, me ya sa bidiyon irin waɗannan mawaƙa yake zuwa da duhu da hayaƙi da tufafi kamar na gwanjo, alhali suna da kuɗin da za su yi abin ƙawa?

To malam, da gangan ne, kuma abin yana da tarihi. Tashar talabijin ta bidiyon waƙoƙi, MTV, ta fara aiki a Amurka ranar 1 ga Agustan 1981, kuma cikin shekaru goman da suka biyo baya bidiyon da ya fi tashe shi ne mai ƙyalƙyali: manyan motoci, gashi a gyare, fitilu ta ko'ina. Su kuwa waɗannan mawaƙa a gefe suka taso, a ƙananan kamfanonin faifai da gidajen rediyon jami'o'i. MTV ma sai can cikin dare take ba su fili, a wani shiri mai suna 120 Minutes da aka fara a 1986.

A cikin wannan shiri aka fara nuna bidiyon "Smells Like Teen Spirit" na ƙungiyar Nirvana a Satumban 1991. Samuel Bayer ne daraktansa. An shirya wurin kamar ɗakin wasannin makarantar sakandare, inda aka saba tara ɗalibai su yi wa 'yan wasan makarantarsu kirari. Sai dai komai an birkita shi. Hasken mai launin ruwan ƙasa ne, ga hayaƙi ya turnuƙe, 'yan matan da ke jagorantar kirarin sanye da baƙaƙen kaya masu ɗauke da tambarin masu ƙin bin hukuma, ga wani tsohon mai shara yana rangaji da sandarsa ta goge ƙasa. Gashin mawaƙin ƙungiyar, Kurt Cobain, ya rufe masa fuska kusan duk tsawon waƙar. Ka lura kuma da yadda ake sauya hoto: inda kiɗan ya lafa sai kyamara ta natsu, inda jita ta ɓarke sai hotuna su riƙa wucewa da sauri har ka rasa wa ke ina. Hargitsin ƙarshe ma akwai gaskiya a cikinsa, domin matasan da aka gayyato sun yi awoyi a zaune ana maimaita ɗauka, da aka sake su kuwa suka far wa kayan wurin. Saƙon a fili yake: ga matasan da suka gaji da a nuna musu yadda za su yi murna. A watan Janairun 1992 kundin da waƙar ke ciki, Nevermind, ya ture na Michael Jackson daga matsayi na ɗaya a jadawalin Billboard na kundayen da suka fi kasuwa a Amurka.

Sai takarda ta biyu, daga wata malama a Kaduna. Ta ce ta kalli bidiyon "Just" na ƙungiyar Radiohead ya fi a ƙirga, tana so mu gaya mata abin da mutumin da ke kwance ya faɗa a ƙarshe.

Malama, bari mu fara ba sauran masu saurare labarin. Jamie Thraves ne ya shirya shi a 1995, a kan wani titi na birnin Landan. Wani magidanci sanye da kwat yana cikin tafiya sai kawai ya kwanta a gefen hanya. Wani ya yi tuntuɓe da shi, ya tambaye shi ko lafiya, ko giya ya sha. Mutane suka taru, har ɗan sanda ya zo. Ba ma jin muryarsu saboda kiɗa, rubutu ne ke fitowa a ƙasan allo yana nuna mana abin da kowa ke cewa. Mutumin yana roƙonsu su ƙyale shi, su kuma sun nace sai ya faɗi dalili. Da ya amince zai faɗa, kyamara ta matso bakinsa, sai rubutun ya ɗauke. Hoto na gaba daga sama aka ɗauko shi: duk taron sun kwanta a ƙasa kamar shi.

Daraktan ya ɓoye maganar da gangan, har ya riƙa sauya kusurwar kyamara a daidai wurin don kada a karanta leɓen mutumin. Ni a ganina, malama, amsar tana cikin abin da ya same ki. Tun farkon bidiyon an saba miki da karatu, idonki ya dogara da rubutun, sai aka janye shi a lokacin da kika fi bukatarsa. Kin zama ɗaya daga cikin mutanen nan da suka tsaya a kansa suna cewa sai ya faɗa. Da an rubuta jimlar, ko mene ne ita, da kin auna ta kin ce ai wannan bai kai a kwanta a titi ba, shi ke nan an wuce wurin. Akwai kuma abin da mutane kan manta: su mawaƙan suna wani ɗaki a saman bene, suna leƙowa ta taga, ba su sauko ba. Wannan ma magana ce a kan mai kallon damuwar wani daga nesa.

Tunda muna kan Radiohead, ki nemi "No Surprises", daga kundinsu OK Computer na 1997, wanda Grant Gee ya shirya. A nan kyamara ba ta motsa ko kaɗan, ba a kuma yanka hoton ba daga farko har ƙarshe. Fuskar mawaƙin ƙungiyar, Thom Yorke, ce kawai cikin wani ƙoƙon gilashi irin na 'yan sama jannati, baitukan waƙar suna wucewa a jikin gilashin. Sannu a hankali ruwa ya fara tasowa, ya kai haɓa, ya rufe baki, ya shanye kan gaba ɗaya. Kusan minti guda yana ciki. Dabarar ita ce an ƙara wa kiɗan sauri lokacin ɗauka, daga baya aka mayar da hoton tafiyar hawainiya, don haka zaman da ya yi a ruwa bai kai yadda muke gani ba. Amma wahalar ta gaske ce, kuma sau da yawa aka maimaita kafin a samu. Kiɗan mai taushi ne, har da 'yar ƙararrawa, baitukan kuma suna maganar mutumin da aiki da zaman rufin asiri ke cinye shi a hankali, ba ya ko ƙorafi. Da an riƙa yanka hoton, da mai kallo ya samu wurin shan iska. Da yake ba a yanka ba, za ki tarar ke ma kin riƙe numfashi. A cikin duk bidiyon da muka ambata yau wannan ya fi taɓa ni, don da fuska ɗaya da ruwa ya faɗi abin da wasu ke kashe miliyoyi ba su faɗa ba.

Daga Kumasi kuma wani ɗan'uwa ya rubuto cikin damuwa. Ya ce ya ga bidiyon "Losing My Religion" na ƙungiyar R.E.M. cike da fukafukai da siffofin addini, ko alamomin ƙungiyar asiri ne, kuma ko waƙar kira ce ga barin addini?

Mun gode da ka tambaya maimakon ka yanke hukunci. Sunan waƙar karin magana ne na mutanen kudancin Amurka, inda ƙungiyar ta fito, ma'anarsa haƙurin mutum ya ƙare. Mawaƙin, Michael Stipe, ya bayyana cewa a kan son maso wani take. Hotunan kuwa asalinsu sananne ne. Daraktan, Tarsem Singh, haifaffen Punjab ne a Indiya, kuma ya ɗauko salon haskensa daga Caravaggio, mai zanen Italiya da ya rasu a 1610, wanda ya shahara da haska mutum ta gefe guda ya bar sauran wurin cikin duhu. Tsohon nan mai fukafukai da ya faɗo ƙasa mutane suka taru suna taɓa shi, daga wani gajeren labari na marubucin Kolombiya Gabriel García Márquez aka samo shi. Bidiyon ya ci kyaututtuka shida na MTV a 1991. Gaskiya ne akwai siffofin Kiristanci da na Hindu a ciki, kuma wanda zuciyarsa ba ta natsu da hakan ba yana da damar ya kauce masa. Abin da nake jan hankali a kai shi ne, kafin a ce alama ta asiri ce, a fara tambayar daga ina darakta ya aro ta. Galibi za a tarar daga zane ne, ko tsohon fim, ko littafi.

Ta ƙarshe daga Kano take, daga wani matashi da ke koyon tace bidiyon waƙoƙi. Yana tambaya ko da gaske ne yanka guda ɗaya na iya canza ma'anar aiki duka.

Ƙwarai kuwa, ƙanena, kuma ga misali mai nauyi. A 1992 Mark Pellington ya shirya wa ƙungiyar Pearl Jam bidiyon "Jeremy". Mawaƙin ƙungiyar, Eddie Vedder, ya rubuta waƙar ne bayan ya karanta a jarida labarin wani ɗalibi a jihar Teksas da ya hallaka kansa a gaban 'yan ajinsu a 1991. Bidiyon ya bi yaron cikin kaɗaicinsa: iyaye ba sa sauraronsa, 'yan aji na nuna shi da yatsa, kalmomi da kanun jaridu na gilmawa a allo. A ainihin aikin an nuna a fili cewa kansa ya juya wa bindigar. Dokokin MTV suka hana nuna hakan, sai aka matso da hoton kan fuskarsa, bindigar ta fita daga allo. Abin da ya biyo baya shi ne 'yan aji a daskare, jini a fararen rigunansu. Masu kallo da dama suka ɗauka su ya harbe. Labarin yaron da aka yi watsi da shi har ya rasa ransa ya koma labarin mai kisa, saboda 'yan daƙiƙu da aka taɓa. Bidiyon ya ci kyautar gwarzon shekara ta MTV a 1993, amma ƙungiyar ta daina fitar da bidiyo sai a 1998, kuma sai a 2020 ta saki cikakken aikin a hukumance.

Don haka idan ka gama tace aiki, kashe sautin, ka kira wanda bai san labarin ba ya kalla, sannan ka ce ya ba ka labarin abin da ya gani. Idan ya kauce daga abin da kake nufi, koma ka duba wuraren da ka yanka da abin da ka bari a wajen allo. Haka za ka riƙa yi wa bidiyon wasu ma: kallo na farko da sauti, na biyu babu, kana lura da inda haske ke fitowa, da tsawon lokacin da kyamara ke tsayawa a kan fuska kafin ta bar ta.

Masu saurare, lokaci ya cimmana. Takardun da suka rage, har da mai tambaya a kan bidiyon da Michel Gondry ya haɗa wa The White Stripes da bulullukan wasan yara na Lego, sai a shiri na gaba idan Allah ya kai mu. A huta lafiya.