Haraji da mu, zaɓen fidda gwani ban da mu

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da warhaka. Ku yi haƙuri da ƙarar hita, ina cikin mota ne a nan Bronx cikin birnin New York, sanyin watan Fabrairun nan na 2026 ba ya barin mutum ya tsaya a waje da waya a hannu, yatsu sai su ƙage. Yau kam raina a ɓace yake, ba zan ɓoye muku ba. Ɗazun nan na buɗe takardar albashina, gwamnatin tarayya ta yanki nata, jihar New York ta yanki nata, shi ma birnin ya sa hannu ya ɗebi nasa, ina cikin wannan lissafin sai ga wayar wani dattijonmu na masallaci, Baba muke ce masa, mutumin Damagaram ne, wai in zo in taya shi cike fom ɗin shiga jam'iyya kafin 14 ga wata, in ba haka ba bana ma haka zai zama ɗan kallo kamar bara, don a jihar nan wanda ba ya cikin jam'iyya ba a barin shi ya yi zaɓen fidda gwani.

Bari in ba ku labarin baran don ku gane abun da ke ci mini rai. Baba ya daɗe a ƙasar nan yana tuƙin tasi, sai da furfura ta game kai sannan ya samu zama ɗan ƙasa. Kuɗin fom ɗin kaɗai dala 760 in ta takarda ka cike, ga tambayoyi 100 na tarihi da tsarin mulki da ya zauna ya haddace kamar ɗan makarantar allo, mu muke yi masa tishi bayan sallar isha'i. Da ya zo rajistar zaɓe, wurin da ake tambayar jam'iyya sai ya zaɓi babu, ya ce shi bai bar rigimar siyasa a gida ba don ya zo ya ɗauki wata a nan. Ni ma haka tawa rajistar take, kuma da gangan na yi.

Ranar 24 ga Yunin 2025 aka yi zaɓen fidda gwani na magajin gari na jam'iyyar Dimokrat, wanda Zohran Mamdani ya kayar da tsohon gwamna Andrew Cuomo. Ranar an yi wani irin zafi, ya haura digiri 37, kuma zafin nan ba irin na gida ba ne, mai gumi ne, iska ba ta motsi. Baba ya sha farar shadda da hula ƙube, har turare ya fesa, ya ce in raka shi. Muka shiga ɗakin wasanni na wata makaranta, fanka biyu na ta juyawa a banza, wata ma'aikaciya ta buga sunansa a ƴar kwamfutar hannu, ta duba, ta sake dubawa, ta ce sunanka na nan amma ba ka cikin kowace jam'iyya, yau babu takardar da zan ba ka, sai Nuwamba. Matar ba ta da laifi, doka ce. Baba ya juyo ya ce mini, "Ɗana, to ni wane irin ɗan ƙasa ne?" Na ce Baba mu je ka sha ruwa. A bakin ƙofa mutane na fitowa da ɗan tambarin nan da ake manna wa wanda ya yi zaɓe a ƙirji, shi kuma yana ta gyara hula.

To abun da yake ba ni haushi shi ne, wannan zaɓen ba jam'iyya ce ke biyan kuɗinsa ba. Ma'aikatan, injinan, takardun, wutar da aka kunna, duk daga baitulmali ne, wato daga wannan yankan da aka yi wa albashina da harajin kashi 8.875 da ake ɗora maka in ka sayi ko da cajar waya ce. An karɓi gudummawarka ta biki, ranar ɗaurin aure kuma an ce ba ka da kati. Kuma fa ba mu kaɗan ba ne, a birnin New York kaɗai masu rajista da ba su da jam'iyya sun haura miliyan ɗaya, sun fi ƴan Rifablikan yawa nesa ba kusa ba. A ƙasa baki ɗaya ma binciken Gallup ya nuna sama da kashi 40 na Amurkawa indifenda suke kiran kansu, wato marasa jam'iyya.

Wani zai ce ai kuna da Nuwamba. Eh, Baba ya jefa ƙuri'arsa a Nuwamba, har hoto ya tura Damagaram. Amma ku da ba ku nan ku gane, a yawancin unguwannin Bronx duk wanda ya ci tikitin Dimokrat a watan Yuni ya gama, kansila ne ko ɗan majalisar jiha, Nuwamba zuwa shaida ne kawai. Kuma waɗannan ƙananan kujerun su ne suka shafe mu kai tsaye, maganar haya, makarantar yara, wurin ajiye mota ranar Juma'a a ƙofar masallaci. Ni hayar ɗaki biyu nake biya kusan dala dubu biyu, jirgin ƙasa ya koma dala 3, amma wanda zai je ya yi magana a kan hakan an tsayar da shi ba da ni ba. A 2021 Eric Adams da ƙuri'a dubu bakwai da ƴan kai ya ci fidda gwani, mutum miliyan na waje suna kallo.

Akwai masu fafutukar a buɗe zaɓen nan, kuma sun daɗe suna yi. Tun 2003 Michael Bloomberg yana magajin gari ya zuba miliyoyin daloli daga aljihunsa don a cire jam'iyya daga zaɓen birni, mutane suka yi watsi da shi da wajen kashi 70. Bara ma kwamitin gyaran kundin birni ya ɗauko maganar, muka ce alhamdulillahi za a kawo ta gaban jama'a a Nuwamba, sai a watan Yuli suka janye ta. Makwabtanmu Pennsylvania su ma haka suke a rufe, akwai wani abokina a Philadelphia kullum ƙorafinsa kenan, garin da rabon a ga magajin gari ɗan Rifablikan tun 1952.

Amma wasu jihohin sun yi gaba. Kalifoniya tun 2010 suka amince kowa da kowa ya hau takarda ɗaya, duk mai rajista ya zaɓa, biyun da suka fi ƙuri'a su kara a babban zaɓe ko da jam'iyyarsu ɗaya, shi ya sa a 2016 Kamala Harris ta kara da ƴar jam'iyyarta Loretta Sanchez a kujerar sanata. Alaska su huɗu suke ɗauka tun bayan ƙuri'ar 2020, a 2024 aka so a soke tsarin, ya tsira da ƙuri'a ɗari bakwai da wani abu, a jiha guda fa. New Mexico a 2025 gwamnarsu ta sa hannu indifenda ya zaɓi jam'iyyar da yake so ya shiga zaɓenta ba tare da ya zama mamba ba, ni wannan ma ya ishe ni wallahi, ban nemi da yawa ba. Wadda ta fi ba ni tausayi Florida ce, a 2020 kashi 57 suka ce a buɗe, amma dokarsu sai an kai 60, shi kenan ta faɗi. 2024 kuwa ba ta yi wa masu fafutukar kyau ba, Nevada, Idaho, Arizona, Montana, duk an kayar da su, manyan jam'iyyun nan biyu da ba sa ga maciji da juna in aka zo nan sai ka ga kowa na tsare ƙofarsa.

Hujjarsu ita ce jam'iyya gidanmu ce, don me wanda ba ɗan gida ba zai zo ya zaɓa mana ɗan takara, wasu kuma su ce in an buɗe masu kuɗi ne za su saye zaɓen. Na ji. To in gidanku ne ku biya da kuɗinku mana. A nan ne ma nake ɗan jinjina wa Najeriya, ku bar dariya, da gaske nake. Mu can jam'iyya ita ke shirya abunta, INEC ta zo ta sa ido kawai. A 2022 fom ɗin takarar shugaban ƙasa naira miliyan 100 APC ta sayar, PDP miliyan 40, da irin wannan kuɗin ake kama filin taro. Eh na sani, ana tara daliget a otal a Abuja, kowa ya ji labarin daloli, wani lokacin ma a ce maslaha aka yi, kai da kake mazaɓar a rediyo za ka ji sunan ɗan takararka. Ban ce abun kirki ba ne. Amma dai ba wanda ya ce maka naka ne. Nan kuwa a makarantar unguwarku za a yi, da tutar ƙasa a ƙofa, sannan a ce koma gida.

Wannan ya tuna mini da mahaifina, Allah Ya jiƙansa, har ya rasu yana ba da labarin zaɓen ƙato bayan ƙato, a tsaya a layi a bayan hoton wanda kake so a ƙirga ku da rana tsaka, kowa na ganin kowa. Ya ce a layin ne ya gane surukinsa ba tare suke ba, wata guda ba su gaisa da kyau ba. Kai, gida daɗi. Ga azumi ya ƙarato, nan sai ka zaga shagunan ƴan Afirka ta Yamma kafin ka samu tsamiyar kunu mai kyau, ƴar ƙullin da ba ta cika tafin hannu ba a ce dala biyar.

To ga gargaɗina, musamman ku sababbin ƴan ƙasa a jihar New York. In kana da rajista ba jam'iyya kuma kana son ka yi zaɓen fidda gwani na Yunin 2026, ga na gwamna ga na ƴan majalisa, 14 ga Fabrairu ce ranar ƙarshe, ranar da Turawa ke rabon furanni, ka wuce ta sai baɗi. Da ma ya fi haka muni, a zaɓen Afrilun 2016 sai wanda ya sauya tun Oktoban 2015 aka bari. Shiga jam'iyya a fom ba ya ɗaure ka, ba ka biyan ko sisi, a Nuwamba ka zaɓi wanda ranka ke so ba mai gani. Baba ya yanke shawara zai shiga, ni kuwa taurin kai ya hana ni, ina nan a indifenda har sai sun buɗe, matata ta ce ai sai ka yi ta zama.

Na biyun ya fi muhimmanci, don Allah ku saurara. In girin kad kake da shi, wato takardar zama ta dindindin, ko biza, kar ka kuskura ka cike fom ɗin rajistar zaɓe, ko da a wurin karɓar lasin tuƙi aka miƙo maka, ko wani mai riƙe da takardu a bakin tasha ya ce ba komai. Akwai komai. Laifi ne da zai iya hana ka zama ɗan ƙasa har a tasa ƙeyarka gida. Dokar da birnin ya yi ta bai wa masu takardar zama damar zaɓen kujerun birni, babbar kotun jiha ta soke ta a Maris ɗin 2025, don haka duk wanda ya ce maka tana aiki tsohon labari yake ba ka. Ku tura wa ƴan'uwa da ke Harlem da Brooklyn su ma su ji. Bari in tayar da mota, na hango mai rubuta tara yana tahowa ta bayana, sai mun haɗu a bidiyo na gaba in Allah Ya kai mu.