Jawabin Maraba ga Farfesa Masanin Tsirrai, a Madadin Manoman Shinkafa na Maga

Assalamu alaikum. Sarkin Hausawa, malamai, iyayenmu mata, da babban baƙonmu Farfesa: ranka ya daɗe, barka da zuwa Maga ta arewacin Kamaru, sannu da hanya. Zumunta a ƙafa take, ga shi ka tako tun daga Marwa.

Jama'a, baƙonmu ya ƙare ƙuruciyarsa wajen bin salsalar dangin agugu, wato tsirran da ba su fure, ba su 'ya'ya, sai dai su yaɗu ta wani gari mai laushi, wanda a yawancinsu ƙarƙashin ganye yake fitowa. Sun haura iri 10,000 a duniya. Da can da ido ake raba musu dangi. A 2001 binciken ƙwayoyin gado ya nuna su ne mafi kusancin 'yan uwa ga tsirrai masu iri, irin su dawa da shinkafa, kuma a 2016 masana suka haɗu suka sake musu tsarin zuriya.

Ranka ya daɗe, mu abin da ya kama hankalinmu yana nan cikin ruwanmu. Akwai ɗan tsiron nan da ke shimfiɗuwa a kan ruwan fadama, ganyensa bai kai ƙwayar gero biyu ba, kore ne, wani lokaci ya yi ja. Ku masana kuna ce masa Azolla, shi ma dangin agugu ne. Kowa a nan zai rantse ƙanin kainuwa ne, tunda tare suke yawo. Ashe kama da wane ba ta wane! Kainuwa tana fure, 'yar gidan su gwaza ce. Ɗan uwan Azolla shi ne Marsilea, mai ganye huɗu a kan siririn kara, wanda shanu ke tattakewa a bakin tabki ba wanda ya kula.

To, ga kokenmu. Azolla yana ɗauke da wasu ƙananan halittu a cikin ganyensa masu jawo sinadarin taki daga iska, shi ya sa manoman Sin da Biyetnam suka daɗe suna renonsa a gonakin shinkafa. Mu kuwa tun da aka yi madatsar ruwan nan ta Maga a 1979 shinkafa ce rayuwarmu, kuɗin buhun taki kuma, kar ma a tona. Muna so ka duba mana wane iri ne namu, da yadda za a rene shi ya jure zafin bazararmu.

Kwalekwale yana jiranka gobe bayan asuba. Yanzu dai ga ruwa, ga gasasshen kifin Maga. Bismillah.