Awon Rukuni: Wai A Gaban Jama'a Ake Buɗe Ciki?

(Hoto: mata zaune a da'ira kan tabarma, harabar asibiti a Sakkwato)

Tambaya ɗaya ce ta cika mana waya a makon nan, kuma yawanci magidanta ne ke turo ta: wanga awon rukuni, a gaban kowa ake duba matan mutane?

A'a, Malam. Kwantar da hankalinka.

Ga tsarin a gurguje. Ana haɗa mata kamar 8 zuwa 12 waɗanda watannin cikinsu suka zo kusan daidai da juna, a sa musu rana. Zama kan ɗauki awa ɗaya da rabi zuwa biyu. Wata ungozoma ce a Amurka, Sharon Rising, ta fara shi a shekarun 1990. A 2016 kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce mai ciki ta ga ma'aikacin lafiya sau 8, na farko cikin makonni 12 na farko.

(Hoto: mace kan sikeli, wata tana ɗaura wa 'yar'uwarta abin awon jini)

Wannan da kuke gani, da kansu suke yi. Nauyi, hawan jini, kowacce ta rubuta a katinta.

To, a nan ake ruɗewa. Ku dubi labulen can.

(Hoto: ungozoma ta ja labule)

Ɗaya bayan ɗaya ake shiga. Daga ita sai ungozoma. A can ake taɓa ciki, a auna girmansa, a saurari bugun zuciyar jariri. Sakamakon gwajin jini ma a can ake faɗa mata, ba a da'ira ba. Wadda take da maganar da ba ta son kunne na uku ya ji, can ne wurinta. In ta fito, ba mai ce mata me aka gani.

Abin da ake yi tare hira ce. Kuma ni a ganina, ita ce ribar zuwan. Mai cikin fari, wadda kunya ba ta barinta ta ce uffan ko gaban uwarta, sai ta ji mai haihuwa biyar ta ce ita ma ta yi kwanan zaune da kuka ba dalili. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kusan ɗaya cikin 10 na masu ciki na fama da matsalar ƙwaƙwalwa, galibi ciwon damuwa. Mu kuwa sai mu ce laulayi ne, zai wuce.

(Hoto: majalisar maza a ƙarƙashin dogon yaro)

Maigida fa? Inda ake gayyatar maza, ana iya yi musu nasu zaman daban. Maƙwabtanmu na Damagaram sun daɗe da makarantar mazaje. Darasin ba wuya: zubar jini, ciwon kai mai tsanani, gani dishi-dishi, kumburin fuska, jijjiga. Ka ga ɗaya, sai asibiti, ko da tsakar dare ne. Ka tanadi kuɗin mota tun cikin na wata bakwai, ka riƙe lambar mai keke, don kabu-kabu ba abin hawan mai naƙuda ba ne.

(Hoto: ana raba maganin ƙarin jini, mata na naɗe tabarma)

Kafin a watse, a duba kati a ga ranar dawowa. A taho da ruwan sha, kun dai san ranar Sakkwato.