Jawabin Maraba ga Mai Girma Sarkin Zango da Iyalansa, a Madadin Dangi Mazauna Abuja

Bismillahir Rahmanir Rahim. Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Mai girma Sarkin Zango, iyayenmu mata da suka rako shi, malamanmu, dattawan gida, 'yan'uwa maza da mata.

Ranka ya daɗe, barka da sauka, barka da hanya. Dattawa ne suka ɗora mini wannan magana, ba don na fi kowa baki ba, sai don kakana shi ne ƙanen kakanka, ciki ɗaya. Na tashi na tarar da tsofaffin gidanmu suna ambaton wansa da ya bi ayarin fatake zuwa Gwanja, a ƙasar Ghana ta yau, neman goro, ya ce zai dawo bayan damina biyu. Allah bai nufa ba. Can ya yi aure, can ya kafa zuriya, can ƙasa ta rufe shi. Yau ga jikansa ya dawo da rawani, da 'ya'ya da jikoki. Alhamdu lillahi.

Akwai abin da nake so yaran da ka zo da su su ji da kunnensu. Garin da jirginku ya sauka jiya ba shi ne Abujar da kakanmu ya bari ba. Sunan ne ya yi ƙaura. Asalin labarin daga Zariya yake: bayan jihadi, Sarkin Zazzau Muhammadu Makau ya baro ta da jama'arsa ya sauka Zuba. Ɗan'uwansa Abubakar Ja, wanda ake kira Abu Ja, shi ya kafa gari a 1828, garin ya ɗauki sunansa. A 1976, zamanin Janar Murtala Muhammad, gwamnati ta tsayar da shawarar gina sabon babban birni a tsakiyar ƙasa, aka ba shi sunan Abuja, tsohon garin kuma ya koma Suleja, daga sunan Sarki Sulaimanu Barau. Sai a ranar 12 ga Disamba 1991 gwamnati ta taso daga Legas ta tare a nan. Saboda haka idan kakanka ya ce muku shi mutumin Abuja ne, Suleja yake nufi, wadda yau take cikin Jihar Neja.

Shi ya sa muka sa Suleja a gaban komai. Gobe da hantsi, in Allah ya kai mu, za mu kama hanyar Kaduna. Wajen Madalla za ku ga Dutsen Zuma, wanda hotonsa ke jikin takardar naira ɗari, za mu tsaya yara su ɗauki hoto. Amma ba za mu daɗe ba, domin akwai wata gwaggonmu da ke jira, ta haura shekara tamanin, ita kaɗai ta rage cikin waɗanda suka ji labarin tafiyar nan daga bakin mahaifinta. Kwana uku ke nan tana tambayar ko kun iso. Za ta nuna muku zauren da ayari ya ɗaura kaya, daga nan mu wuce maƙabarta mu yi wa magabata addu'a, sannan mu kai gaisuwa fadar Mai Martaba Sarkin Zazzau Suleja. Zumunci a ƙafa yake, ranka ya daɗe, kai kuwa ka taka tun daga Ghana.

Sauran kwanakin na buɗe ido ne. Juma'a za mu yi ta a Masallacin Ƙasa. Za ku ga Dutsen Aso, za ku je Gurara ku ga inda ruwa ke zubowa daga kan duwatsu. Iyaye mata kuma na san za su so tukwane irin na gidan Ladi Kwali, matar da hotonta ke bayan naira ashirin, wadda ta yi aikinta a tsohuwar Abuja.

Ina da roƙo ga 'yan gida. Hausar waɗannan yara ta Zango ce, tana da nata daɗi da nata karin harshe. Kada wanda ya yi musu dariya. Zuriyar da ta yi shekaru masu yawa a tsakiyar wasu harsuna ba ta yar da na kakanninta ba, ta cancanci jinjina. Har tuwon zafi da wake da shinkafa da koko da ƙosai sun koya wa mutanen Ghana, da sunayensu na Hausa. Ku ja su a jiki, ku karɓi lambobin juna, kada mu sake yin wani dogon shiru irin na baya.

Ranka ya daɗe, gida naka ne. Allah ya ja zamaninka, ya jiƙan kakanninmu, ya maishe ku gida lafiya. Yanzu ina roƙon Malam Liman ya buɗe mana da addu'a, sannan a gabatar da ruwa da goro.

Wassalamu alaikum.